Wa zai kawo hujja? Yadda ake kafa H0 da H1 idan ana maganar kaso

Ranar wata Talata da yamma na riga na tattara takarduna zan tafi gida, sai wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta yi sallama ta shigo riƙe da furojek ɗinta. Bincikenta a kan gidan sauro ne, tana son sanin kashi nawa ne na gidajen wata unguwa yaransu ƙanana ke kwana a cikinsa. Ta sha wahala kam, gida-gida ta bi da ƙafa, takardun tambayoyin ma duk gefensu ya yi ja saboda ƙura da zufan hannu, wasu har da ɗigon manja a jiki don a tsakar gida aka cike su ana girki. Na buɗe shafin da ta rubuta hasashenta, sai na ga lambar da ta samu daga gidajen da ta shiga ita ta ɗauko ta ɗora a gaban H0, wato na farko cikin hasashe biyun da ake rubutawa kafin gwajin ƙididdiga, ɗayan kuma H1. Na ce, wannan lambar daga ina? Ta ce, "Malam ai ita na samu da na lissafa." Na ce to tunda kin riga kin same ta da hannunki, me kuma ya rage da za ki gwada? Ta yi shiru tana kallon takardar.

Abin ya tsaya min a rai, domin duk shekara sai na ga irinsa, kuma laifin ba na ɗaliban ba ne su kaɗai. Yadda ake koyar da abin ne, a zana H0 da H1 a allo a ce ku haddace, ba wanda ya tsaya ya gaya musu me layin nan biyu suke yi a takarda. Alhali duk sauran lissafin da zai biyo baya, wanda kwamfuta ma za ta yi maka shi cikin ƙiftawar ido, a kan layin nan biyu yake zaune, in suka karkace komai ya karkace.

Bari mu fara da abin da ya rikita ta. Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Dawanau ya ga yadda mai sayen hatsi yake yi, yana riƙe da ƙarfen nan mai tsini mai rami a ciki, ya soka buhu ta gindi, ya soka ta tsakiya, ƙwayar ta zubo masa a tafin hannu, ya watsa ta da yatsa yana duba wadda ƙwaro ya huda da wadda ta yi baƙi. Abin da ke tafin hannunsa ya gan shi, zai iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ba wata tantama a kai. Abin da yake son sani kuwa, wanda zai biya kuɗi a kansa, shi ne abin da ke cikin buhun gaba ɗaya, kuma ba zai juye buhu ɗari a ƙasa ya ƙirga ba. To a ilimin ƙididdiga kason da ke cikin buhun duka, wato na jama'ar da kake magana a kanta baki ɗaya, shi ake rubutawa da harafin p. Kason da ke tafin hannu, na samfurin da ka ɗiba, shi ake rubutawa p̂, mu muna ce masa p mai hula saboda 'yar alamar da ke kansa. A ce ka shiga gida 100, ka samu 62 yaransu na kwana a gidan sauro, p mai hula ɗinka 0.62 ne, wannan labari ne tabbatacce, ba a yin hasashe a kansa. Hasashe a kan abin da ba ka gani ba ake yi. Saboda haka H0 da H1 dukansu biyu p ce a cikinsu marar hula, kuma lambar da za ta zauna a gabanta daga waje take zuwa: wani iƙirari da aka yi, ko mizanin da hukuma ta gindaya, ko abin da binciken baya ya nuna, ko kuma rabi da rabi in ana maganar rinjaye. Ita wannan lambar ta waje ake kira p sifili.

Yanzu me ya sa sai biyu? Ni in zan yi wa mutanenmu bayani ba na zuwa nesa, kotu nake kai su. Kowa ya san ƙa'idar nan ta shari'a, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. In mutum ya zo gaban alƙali ya ce yana bin wane bashi, asalin lamari shi ne ba a bin kowa komai har sai mai ƙara ya kawo shaida. H0 shi ne wannan asalin, shi ya sa nake kiransa hasashen asali, yana zaune abinsa ba ya buƙatar kawo komai. H1, wasu littattafan su rubuta Ha, shi ne mai ƙara, hasashen adawa, shi zai yi ta wahalar tattaro shaida, shaidar kuma ita ce samfurinka. Tambayar da gwajin yake yi guda ɗaya ce tak: in da hasashen asali gaskiya ne, samun irin abin da na samu a tafin hannuna abu ne da aka saba gani, ko abu ne mai wuyar faruwa sosai? In mai wuyar faruwa ne sosai, sai a ture asalin. In ba haka ba a bar shi inda yake.

Wannan salon tunani ya girmi sunayen da ake kiransa da su yanzu nesa ba kusa ba, kuma abin sha'awa a kan kaso aka fara shi. A shekarar 1710 wani likita ɗan Sikotilan mai suna John Arbuthnot, wanda yake cikin likitocin Sarauniya Anne, ya ɗauko rajistar baftisman jarirai ta birnin Landan daga 1629 zuwa 1710, shekara 82 kenan, ya duba sai ya ga a kowace shekara, ba togiya ko ɗaya, maza sun fi mata yawa. Sai ya ce to bari mu ɗauka sa'a ce zalla ke aiki, wato a kowace shekara damar maza su yi rinjaye daidai take da damar mata su yi rinjaye, rabi da rabi, kamar ka wurga kwandala sama ta faɗo ta wannan fuskar ko waccan. Kaga hasashen asalinsa kenan, p = 0.5. In haka ne, damar maza su yi rinjaye sau 82 a jere ita ce ka ninka rabi da rabi har sau 82, abin da zai ba ka ɗaya cikin wani adadi mai lamba 25 a jere. Ya ce wannan ba zai yiwu a ce sa'a ce ba, shi a nasa ganin tsari ne na Ubangiji. Ka lura da abin da ya yi fa, bai zauna yana kare abin da ya yi imani da shi kai tsaye ba, kishiyarsa ya ɗauka ya ce mu ƙaddara ita ce gaskiya, sannan ya nuna alkaluman sun ƙi zama da ita.

Bayansa Bafaranshen nan Pierre-Simon Laplace ya duba na birnin Faris, daga 1745 zuwa 1770 an rubuta haihuwar maza 251,527 da mata 241,945. Shi ta wata hanyar lissafi daban ya bi, amma mu za mu iya ɗaukar alkalumansa mu gwada da tamu. Jimla 493,472, kason maza 0.5097, wato bai ma kai kashi 51 cikin 100 ba, tazarar da ke tsakaninsa da rabi ba ta cika kashi ɗaya ba. Wani zai ce wannan ai ba komai ba ne. Amma da samfur mai girman haka, in da p = 0.5 ce da gaske, lilon da p mai hula za ta riƙa yi a gefen rabi bai wuce kamar 0.0007 ba, ita kuwa ta yi nisan 0.0097, ya fi ninki 13 na lilon. Dole hasashen asali ya faɗi. Kuma har yau abin da ake gani a duniya kenan, wajen maza 105 ga kowane mata 100 a lokacin haihuwa. Akwai darasi na gefe a nan da ɗalibai ke yawan tsallakewa, ture H0 yana gaya maka akwai bambanci ne kawai, bai ce bambancin babba ne ba, girmansa sai ka koma ka duba lambar da idonka.

Sunan da ake kiran H0 da shi a Turance, wato null hypothesis, daga Ronald Fisher ya fito, a littafinsa na 1935 kan tsara gwaje-gwaje, mutumin da ya yi shekaru tun daga 1919 yana aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, tsakanin filayen gwajin taki da alkama. Shi kuwa hasashen adawa da maganar kuskure iri biyu aikin Jerzy Neyman ɗan Folan ne da Egon Pearson, musamman a rubutunsu na 1933. Fisher da Neyman sun yi shekaru ba sa ga maciji a kan wannan, abin da muke koyarwa a aji yanzu haɗin gambiza ne na ra'ayoyinsu biyu. Tunda dai a gona abin ya girma, bari in kawo misali na gona, a nan nake son mu daɗe don a nan ne maganar take.

A ce dila ya kawo irin masara, a jikin leda an rubuta kashi 90 cikin 100 zai tsiro. Wata ƙungiyar manoma tana son saya da yawa, amma shugabansu yana da shakka, irin ya kwana biyu a sito kuma an yi zafi. Sai ya ɗebo ƙwaya 200 daga ledoji daban-daban, ya jera su layi-layi a kan buhun algarara da aka jiƙa, goma-goma don ƙirga ta yi sauƙi, ya naɗe buhun ya ajiye a inuwa yana yayyafa ruwa safe da yamma. Tun kafin ya warware buhun nan ya kamata a ce layinsa biyu suna rubuce. Me yake tsoro? Kada irin ya gaza abin da aka faɗa. In ya wuce 90 ai alhamdulillahi, ba wanda zai kai ƙara don an ba shi fiye da abin da ya biya. Saboda haka H0: p = 0.90, H1: p < 0.90, inda p take nufin kason duk ƙwayar da ke cikin kayan dilan da za ta tsiro. Wannan jimlar ta ƙarshe, ta cewa p kason mene ne kuma a cikin su wa, ka rubuta ta da kalmomi, kada ka bar ta a kanka.

Bayan kwana bakwai ya warware, ya bi layi-layi yana ware masu farin jijiya da ɗan tsiro daga waɗanda suka kumbura kawai suka yi funfuna, ya samu 172 sun tsiro. 172 cikin 200 shi ne 0.86. Ƙasa da 0.90 ne, amma ai ko da dilan gaskiya ya faɗa ba kullum za ka samu 180 cif ba, wani ɗiban 177, wani 184, haka samfur yake lilo. Girman lilon ake fara nema: 0.90 sau 0.10, a raba da 200, a danna alamar √ a kalkuleta, zai ba ka kamar 0.0212. Ka ga 0.90 na yi amfani da ita a nan ba 0.86 ba, domin muna cikin duniyar da muka ƙaddara H0 gaskiya ne, da lambarsa za mu yi awo. Tazara kuma 0.86 a cire 0.90, wato 0.04 ta ƙasa. A raba 0.04 da 0.0212, ya zama taku 1.89 ƙasa da inda ake sa rai. Teburin z, wato jadawalin da ke mayar da yawan takun zuwa dama, zai gaya maka damar faɗawa nesa haka ko fiye, ta gefen ƙasa, kusan 0.03 ce, sau 3 cikin 100. In mizanin da aka ajiye tun farko 0.05 ne, wanda ake kira alfa, to 0.03 ta gaza shi, an ture H0, akwai hujjar cewa irin bai kai yadda aka rubuta ba.

To yanzu duba wannan. In da wanda ya yi gwajin ma'aikacin kamfanin ne da kawai yake son sanin ko lambar da ke jikin leda daidai ce, ko ta yi sama ko ta yi ƙasa duk ya dame shi, nasa H1 zai zama p ≠ 0.90, gwaji mai gefe biyu. Ƙwaya 172 ɗin nan dai, buhun nan dai, amma yanzu sai an haɗa gefe biyun, 0.03 ta ninka ta koma kusan 0.06, ta haura 0.05, ba a ture H0 ba. Shaida ɗaya, hukunci biyu, kuma abin da ya bambanta su alama ce guda a layi na biyu. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga mutum ya leƙa sakamako tukuna, ya ga ya faɗi ta ƙasa, sannan ya koma ya rubuta < a H1 kamar dama can haka ya nufa. Wanda ya yi haka, da sakamakon ya faɗi ta sama > zai rubuta, kenan a zahiri gefe biyun duka yake gadi amma yana biyan kuɗin gefe ɗaya, alfarsa da yake cewa 0.05 ce ta zama 0.10 bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru. Alkiblar H1 daga tambayarka take fitowa tun kafin ka ga lamba ko ɗaya, in kuwa ba ka da dalilin zaɓar gefe tun farko, ka bar shi ≠ ka huta.

Amma abin da ya fi wannan nauyi a wurina, wanda kusan ba a faɗarsa a aji, shi ne wa ka zaunar a kujerar H0. Yadda muka tsara a sama, dila ne a zaune, manoma ne masu ƙara. Da ƙwaya 200, sai an samu kusan 173 ko ƙasa da haka kafin a ce ya gaza. Yanzu a ce shugaban ƙungiyar ya ce a'a, kuɗin jama'a ne a hannuna, damina ɗaya muke da ita, in irin nan bai fito ba babu lokacin sake shuka, don haka ni ba zan saya ba sai dila ya nuna min irinsa ya haura 90. An juya kujera kenan, H0: p = 0.90, H1: p > 0.90, yanzu dila ne zai kawo hujja, kuma sai an samu kusan 187 ko sama kafin ya tsallake. Kaga tsakanin 173 da 187 akwai fili mai faɗi, duk sakamakon da ya faɗa cikin filin nan, a ce 179 ko 183, a tsari na farko dila ya sayar da kayansa, a tsari na biyu an mayar masa da su. Lissafi bai isa ya zaɓa maka tsakanin tsarin biyu ba. Kai ne za ka zauna ka auna wane kuskure ne ya fi ciwo: ka ƙi iri mai kyau ka ɓata wa ɗan kasuwa suna a banza, ko ka karɓi iri marar kyau gonakin mutane su fito giɓi-giɓi.

Waɗannan su ne kuskure biyun Neyman da Pearson. Na farko, ka ture H0 alhali gaskiya ne, shi alfa take tsarewa, ita ce ta ce ba za mu yarda wannan ya wuce sau 5 cikin 100 ba. Na biyu, ka bar H0 a zaune alhali ƙarya ne, shi kuwa ba mai gadinsa sai girman samfur. Don ka ga yadda na biyun yake da sauƙin faruwa, a ce ainihin kason irin dilan 0.87 ne, ya gaza da gaske, to a tsari na farko da ƙwaya 200 damar ka kama shi ba ta kai rabi ba, fiye da rabin lokuta zai wuce sumul. Tunda gwajin a gine yake don ya kare H0, kuskuren da ka fi tsoro shi za ka tsara ya zama na farko.

Mu a Arewa mun ga inda wannan yake da rai a ciki. Shekarun da aka yi ana zagayen rigakafin shan inna, masu ɗigawa su wuce, a shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, a yi rubutu da alli a jikin katanga, bayan 'yan kwanaki sai wasu daban su biyo baya su duba ko aikin ya yiwu. Ba duk yaran ƙaramar hukuma suke dubawa ba, a kan ɗauki yara 60 daga wurare daban-daban a duba yatsunsu, daga yawan waɗanda ba su da tawada a yanke ko yankin ya kai mizani ko sai an koma. Tambayar kaso ce tsantsa. In ka zaunar da "an yi wa isassu" a kujerar asali, to duk inda shaida ta yi rauni za ka ce aiki ya yi, ku tattara ku tafi, yaran da aka tsallake su zauna haka. In ka zaunar da "ba a kai ba tukuna", mafi munin abin da zai faru shi ne a sake zagaye a inda bai zama dole ba, a ƙona mai a biya alawus. Ni dai a ganina ba a ma haɗa biyun, asarar mai da ƙafar yaro ba ɗaya ba ne. An samu shan inna ta daji, wato asalin ƙwayar cutar ba wadda ta samo asali daga rigakafi ba, ta ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, aka kuma ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta 2020. Ƙyanda ma haka take, ana neman wajen kashi 95 cikin 100 na yara su samu allurar kafin a ce garin ya samu kariya, duk mai son ya ce "mun kai" shi ya kamata ya kawo hujja.

Sai maganar fassara kalmomi zuwa alama, nan ma ana yawan tuntuɓe amma ba ta da wuya in ka riƙe abu ɗaya: alamar daidai, =, gidanta H0 ne kullum, ba ta taɓa shiga H1. Dalili kuwa mun gan shi ɗazu, lamba ɗaya takamaimai muke buƙata da za mu auna lilo da ita. Don haka in iƙirarin ya ce "fiye da", ko "bai kai ba", ko "ya canza", ko "ya ragu", babu daidai a cikinsa, H1 zai tafi. Ɗan siyasar da ya ce mafi yawan mutanen mazaɓa suna tare da shi, p > 0.5 yake faɗa, H1 ne, H0 kuma p = 0.5. In kuwa iƙirarin ya ce "aƙalla kashi 90" ko "bai wuce kashi 5 ba", to akwai daidai a ciki, ≥ ne ko ≤, iƙirarin da kansa ya zauna a H0, kishiyarsa ta zama H1. Ɗalibai da yawa sun ɗauka duk abin da aka yi iƙirari H0 ne, wasu kuma sun ɗauka kullum H1 ne, duka biyun ba haka ba ne, ka duba kalmar. Za kuma ka ga wani littafin ya rubuta H0: p ≥ 0.90 wani ya rubuta H0: p = 0.90 a tambaya iri ɗaya, kada ya dame ka, lissafin ɗaya ne, domin a bakin iyaka ake yin awon, in shaida ta isa ta ture 0.90 ta gefen ƙasa to ture 0.93 ya fi mata sauƙi. Ka bi wanda supabaizanka yake so.

In gwaji bai ture H0 ba, don Allah kada ka rubuta "an tabbatar da H0". Fisher da kansa ya faɗa cewa hasashen asali ba a taɓa tabbatar da shi, iyaka dai a iya rushe shi. Alƙalin da ya sallami mutum saboda mai ƙara bai kawo shaida ba, bai ce ya ga zuciyarsa ba. Gwada ka gani da ɗan ƙaramin samfur: ƙwaya 20 kacal, 17 suka tsiro, 0.85 kenan, ya ma fi na ɗazu muni a ido. Amma ko da irin yana kan 0.90 daidai, samun 17 ko ƙasa da haka cikin 20 yana faruwa kusan sau ɗaya cikin uku, don haka ba za ka iya ture komai ba, kuma wannan bai wanke dila ba, kawai ba ka ɗebi abin da zai isa ba ne. A irin wannan ƙaramin samfur ma teburin z ba ya aiki da kyau, ƙa'idar da aka saba ita ce girman samfur sau p sifili, da girman samfur sau ragowar da ta cika ta zuwa 1, kowanne ya kai 10. Da 200 muna da 180 da 20, lafiya lau. Da 20 muna da 18 da 2, bai cika ba. Ita kanta lambar 0.03 da muka samu ɗazu, ba tana nufin damar dila ya faɗi gaskiya kashi 3 ce ba, tana nufin in ya faɗi gaskiya, irin wannan sakamakon sau 3 cikin 100 yake zuwa. Rikita waɗannan biyun ya yi yawa har sai da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman a 2016 tana jan kunne a kai.

Duk wannan kuma yana tsaye ne a kan cewa ɗiban da ka yi na adalci ne. Mai sayen hatsi ya san dalilin da ya sa yake soka buhu ta gindi, ba ya tsayawa a abin da aka shimfiɗa a sama. Ƙuri'ar jin ra'ayi da mutum zai saka a shafinsa na Facebook, ko mutum dubu goma suka danna, mabiyansa ne suka danna, H0 da H1 ɗinsa su yi kyau yadda suke so, p ɗin da yake aunawa ta mabiyansa ce ba ta jiha ba.

Ɗalibar nan ta dawo bayan kwana biyu. Ta cire lambar samfurinta daga H0, ta je ta nemo mizanin da masu shirin rabon gidan sauron suka ce suna son a kai, shi ta saka a matsayin p sifili, ta rubuta H1 da alamar < tunda tambayarta tun ranar da aka amince da taken ita ce ko unguwar ta gaza. Da muka zo layin da za ta rubuta p kason mene ne a cikin su wa, ta rubuta "gidajen unguwar duka", na tambaye ta yadda ta zaɓi gidajen da ta shiga. Ta ce daga bakin titi ta fara, ta bi layi uku na farko, can ciki bayan kwalbati ba ta shiga ba saboda ruwa ya cika hanyar. Na ce kina ganin gidajen bayan kwalbatin za su yi kama da na bakin titi wajen sauro da wajen samun kayan rabo? Ta ce, "A'a Malam, can ma ai sun fi sauro, kuma masu rabon ba sa cika kaiwa can." Ta ɗauki biro ta soke "unguwar duka" da hannunta, ta ce ranar Asabar za ta sa ƙaninta ya raka ta su shiga ta ɗaya hanyar.